Yadda Ake Tanadin Agajin Gaggawa da Kare Masu Ciki da Masu Shayarwa a Wurin Aiki

Na yi shekaru ina kula da ma'aikata a wani injin casar shinkafa a Kano, inda maza ke dakon buhu, mata kuma suna tsince tsakuwa da ɗinke bakin buhu. Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da rufin kwano ke zubo zafi kamar tanda, wata yarinya cikin masu ɗinki ta sulale daga tsaye ta faɗi. Muna da akwatin agajin gaggawa rataye a bangon ofis, amma a kulle, makullin kuwa yana aljihun mai kula da sito, shi kuma an aike shi kasuwar Dawanau. Da aka ɓalle kwaɗon, abin da muka tarar ƙullin auduga ne da ya sha ƙura, sai kwalbar aidin da ta bushe. Wata dattijuwa cikin masu tsinta ce ta ture mu gefe, ta kwantar da yarinyar ta ɓangaren hagu, ta sassauta mata zani, ta ce a kawo mafici. Da ta buɗe ido, dattijuwar ta sunkuya ta ce a hankali, "'Yar nan, wata nawa?" Ta ja gyale ta rufe fuska ta ce, "Biyar, Inna."

Wata biyar tana tsaye daga safe har la'asar, mu da ke kula da wurin ba wanda ya sani. Cikin fari ne, ga kunya, ga tsoron kada a sallame ta. Abin da ya cece ta ranar mutum ne da ya san abin yi, kuma abin da ya jefa ta cikin hatsarin shi ne rashin wanda za ta iya faɗa wa halin da take ciki. A kan waɗannan biyun na gina matakan da ke tafe. Sun dace da masana'anta, da makaranta, da shagon ɗinki, da gidan burodi, da ofis, ko da ma'aikatan ba su wuce goma ba.

Mataki na 1: Zagaya wurin da takarda a hannu

Kafin ka sayi ko da filasta ɗaya, ka bi wurin aikin lungu-lungu a lokacin da aiki ke gudana. A kowane wuri ka tambayi kanka: me zai iya yanka mutum a nan, me zai ƙona shi, me zai faɗo masa, me yake shaƙa? Ka tafi tare da wanda ya fi daɗewa a aikin, domin shi ya san bel ɗin injin da ya taɓa cin yatsan wani da wayar da ke jan mutane idan an yi ruwa. Ka rubuta yawan ma'aikata a kowane lokacin aiki, har da na dare, da yawan matan da ke cikin shekarun haihuwa. Wannan takardar ce za ta gaya maka abin da za ka saya da irin horon da za ka nema. Gidan burodi ƙuna ce ta fi damunsa, gona kuwa sarar maciji da maganin feshi.

Mataki na 2: Haɗa akwati, ka jefar da kwaɗo

Sashe na 43 na Dokar Masana'antu ta Najeriya ya wajabta ajiye akwatin agajin gaggawa a inda hannu zai kai cikin sauƙi, da ƙarin akwati ga kowane ƙarin mutum 150, a ƙarƙashin kulawar wani da aka ɗora wa alhakinsa. Wannan mafi ƙarancin abin da doka ta nema ne. Idan wurinka ya kasu ɓangare-ɓangare, ka sa akwati a kowane ɓangare, yadda ba wanda zai yi gudun da ya wuce minti ɗaya ko biyu kafin ya ɗauko.

Abin da ya kamata a samu a ciki: safar hannu ta roba mai yawa, bandeji manya da ƙanana, bandeji mai kusurwa uku na rataye hannu, ƙyallen rufe rauni a cikin ledarsa da ba a buɗe ba, filasta, almakashi, hantsakin cire ƙaya, sabulu, ruwan wanke ido ko gorar ruwa mai tsabta, ma'aunin zafin jiki, tocila, da ƙullin gishiri da sukari na haɗa ruwan da ke mayar da ƙarfin jiki. Idan ƙullin ya ƙare, ana haɗa shi da lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Saboda mata, ka ƙara audugar mata, da zani mai tsabta guda biyu, da ledar shimfiɗa. Na'urar awon hawan jini ta batir ba ta da tsada idan aka kwatanta da amfaninta, kuma za ka ga dalili a gaba.

Shawarata, kada a mayar da akwatin kantin magani. Da zarar an zuba ƙwayoyin ciwon jiki a ciki, kowa zai riƙa ɗiba yana miƙa wa na kusa da shi, alhali irin su ibuprofen da diclofenac suna iya cutar da ɗan da ke ciki, musamman idan ciki ya tsufa. Mai ciki ba ta shan magani sai wanda aka rubuta mata a asibiti.

A manna jerin kayan a cikin murfi, a sa rana ɗaya a wata ta dubawa, a maye abin da ya ƙare ko wa'adinsa ya wuce. Idan tsoron sata ne ya sa kake son kullewa, ka ɗaure murfin da zare ko siririyar roba da hannu zai iya tsinkewa. Asarar bandeji biyu a wata ba ta kai asarar minti goma ana neman makulli ba.

Mataki na 3: Horar da mutane, kuma dole a samu mace

Ka zaɓi aƙalla mutum biyu a kowane lokacin aiki, namiji da mace. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Najeriya tana da rassa a jihohi kuma tana ba da irin wannan horo. Dalilin neman mace a fili yake: a wurinmu, namiji zai yi jinkirin taɓa matar wani ko da ta suma, ita ma ba za ta buɗe masa baki ta ce tana zubar da jini ba. Ka kuma tuna da ranar Juma'a, lokacin da maza ke watsewa zuwa masallaci a bar mata su kaɗai da injuna.

Kada ka zaɓi mutum don muƙaminsa. Ka nemi wanda jini ba ya firgita shi, wanda kullum yana nan, wanda in ya ce "ku ja baya" ake ja. Abubuwan da dole su iya da hannunsu su ne danne rauni da ƙarfi har jini ya tsaya, zuba ruwa mai sanyi a kan ƙuna har minti 20 ba tare da shafa man goge baki ko manja ko ɗanyen ƙwai ba, kashe wuta daga tushe kafin a taɓa wanda lantarki ya kama, wanke ido da ruwa mai yawa idan sinadari ya fantsama, da danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke: sau 30 a tsakiyar ƙirji, a hura iska sau 2, ana dannawa da saurin 100 zuwa 120 a minti. A sabunta horon lokaci-lokaci, domin hannu yana mantuwa.

Mataki na 4: Shirya tafiya asibiti tun kafin buƙata

Ka je da ƙafarka asibiti mafi kusa ka tambaya: suna karɓar haihuwa da dare? Suna yin tiyata? Suna ƙarin jini? Ƙaramin asibitin unguwa zai iya ɗinke yanka, amma mai ciki da ke zubar da jini tana buƙatar babban asibiti kai tsaye, irin Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga waɗanda ke birnin Kano. Ka yi magana da direba biyu, ko masu a-daidaita-sahu da ke tsayawa kusa, ka rubuta lambobinsu da manyan baƙaƙe a bango tare da 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa. Ka ware kuɗin mota da na kati a cikin ambulan na takarda, wanda mai agaji zai iya ɗauka ba tare da jiran sa hannun manaja ba. Kowane ma'aikaci ya ba da lambar wanda za a kira daga gida. Ga matan aure, yana da kyau a nemi fahimtar maigida tun farko cewa idan larura ta taso za a wuce asibiti, a kira shi a hanya.

Mataki na 5: Buɗe ƙofar da mace za ta faɗi cewa tana da ciki

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi sakaci. Duk tanadin da ke gaba ba zai yi amfani ba idan ba ka san wa ke da ciki ba. Watanni ukun farko su ne lokacin da sassan jikin jariri ke haɗuwa, lokacin da guba ta fi yi masa illa, su ne kuma lokacin da ciki bai fito ba kuma ba a faɗa. Mace Bahaushiya takan ɓoye ƙaramin ciki har ga ƙawayenta, balle ta tsaya gaban ofis ta ce wa namiji, "Yallaɓai, ina da juna biyu."

Don haka ka naɗa mace ɗaya babba, mai riƙon sirri, wadda mata suka yarda da ita. Su za ka bari su zaɓe ta. Ita za a riƙa faɗa wa, ita kuma ta zo ta ce maka, "Wance tana buƙatar a sauya mata wuri," ba sai an yi dogon bayani ba. Ka tara matan, ka faɗa da bakinka a gabanta cewa ba a korar kowa saboda ciki, ba a rage wa kowa albashi saboda an sauya mata aiki. Sai ka cika alkawarin a kan mace ta farko da ta gwada ka, domin sauran suna kallo. Idan aka ga wadda ta faɗa ta rasa aikinta bayan wata biyu da wani uzuri, ka rufe ƙofar ke nan na shekaru.

Sirrin kuma ya zama sirri. Kada a kira ta a gaban mutane, kada a yi mata barkwanci da shi. Haka nan idan aka samu ɓari: tana buƙatar hutu da kulawar asibiti, ba ta buƙatar tambayoyi.

Mataki na 6: Zauna ku gyara aikin

Da zarar labari ya iso, a cikin makon a duba aikinta ɗaya bayan ɗaya, ita da wakiliyar matan.

Ɗaukar kaya mai nauyi ya tsaya. Buhun shinkafa kilo 50 ko 25 ba nata ba ne, haka jarkar ruwa da hawa tsani. Idan aikin na tsayuwa ne, a ba ta kujera mai jingina, ta riƙa sauyawa tsakanin zama da tsayuwa. Mai aikin zama, kamar tela ko mai kwamfuta, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa duk bayan awa guda. A matsar da ita kusa da taga ko fanka, a ajiye mata ruwan sha kusa, a bar ta ta je bayan gida duk lokacin da ta so ba tare da neman izini ba. Na sha ganin mata suna ƙin shan ruwa don kada a ce sun cika fita, abin da ke jawo musu ciwon mara da jiri. Mai laulayi a bar ta ta riƙa ɗan taɓa abinci kaɗan-kaɗan, in da hali a sassauta mata lokacin shigowa da safe. A watan azumi kuma a rage mata aikin rana, kada wani ya sa mata ido idan ta ɗauki sauƙin da addini ya yi wa mai ciki da mai shayarwa.

Sinadarai kuwa ba a sassauci a kansu. A raba ta da maganin feshin ƙwari da na ciyawa, da fenti da tina, da gam ɗin takalma, da sinadaran jima irin na masana'antun fata a Challawa da Sharaɗa, da hayaƙin janareta. Mafi muni ita ce dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu saboda niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje. Dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana kuma fita a ruwan nono. Duk inda ake fasa tsohon batir, ko narka ƙarfe, ko niƙa dutsen ma'adini, mai ciki da mai goyo ba su da wurin zama a can, kuma mijin da ke irin wannan aiki ya sauya tufafi ya yi wanka kafin ya shiga gida.

A cire ta daga aikin dare. Sai ranakun awo: Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ka ba ta ranakun nan ba tare da yanke ko sisi ba. A can ne ake auna jininta, a ba ta maganin ƙarin jini, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar rigakafin tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki. Ku sake zama duk wata, domin abin da take iyawa a wata huɗu ba shi take iyawa a wata takwas ba.

Mataki na 7: Koya wa kowa alamomin da ba a jira da su

A rubuta su da Hausa, da boko da ajami in akwai masu karanta shi, a manna a ɗakin mata: zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ciwon ciki mai tsanani, fashewar faya kafin lokaci, da jin motsin jariri ya ragu ko ya tsaya. Ko ɗaya aka gani, asibiti. Nan ne na'urar awon jini ke da rana: idan ta nuna 140 bisa 90 ko sama ga mai ciki, a duba ta a asibiti ranar, idan kuma ta kai 160 bisa 110, a tafi nan take.

Agajin mai ciki ya bambanta da na sauran mutane a wurare uku. Idan ta suma tana numfashi, a kwantar da ita ta ɓangaren hagu, domin in ciki ya wuce wata biyar kwanciyar rigingine tana sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Idan abinci ya maƙale mata a maƙogwaro, a bubbuga bayanta tsakanin kafaɗu, in bai fito ba a rungumo ta ta baya a matsa ƙirji, ba a matsa ciki. Idan numfashi ya ɗauke, a danna ƙirji kamar na kowa, wani kuma ya sa hannu biyu ya tura cikin zuwa hagunta.

Jijjiga kuma, wadda ake kira taune-taune, ita ce inda son taimako ke yin ɓarna. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin halin, kada a yi mata hayaƙi, kada a danne ta. A kawar da abin da zai ji mata rauni, a sa zani a ƙarƙashin kanta, da ta lafa a juya ta gefe, a ɗauke ta zuwa asibiti inda ake da allurar da ke tsayar da ita. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Mataki na 8: Hutun haihuwa, a rubuce

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ta aiki cikin mako 6 bayan haihuwa. Idan ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a tsawon hutun, kuma ba a ba ta takardar sallama tana cikinsa. Gwamnatin Tarayya tana ba ma'aikatanta mata aƙalla mako 16 da cikakken albashi, jihar Legas ta kai nata wata 6 a 2014, Kaduna ma ta yi haka a 2019. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa mako 14 a matsayin mafi ƙaranci.

Mako 6 bayan haihuwa kwana 42 ne, wato da ƙyar mai jego ta fita arba'in. Wadda aka yi wa tiyata ba ta gama warwarewa ba. Idan kana da hali, ka ƙara, ko ka bar ta ta dawo rabin yini na wata guda. Ku rubuta ranar tafiya, da ranar dawowa, da abin da za a biya, kowa ya riƙe takardarsa. Wanda zai riƙe mata wuri ya san tun farko cewa riƙo ne.

Mataki na 9: Wurin shayarwa

Dokar Ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Masana lafiya suna son jariri ya sha nono zalla har wata 6, ba ruwa ba koko, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2. Uwar da ba ta samu damar shayarwa ko tatsa ba nono zai cika ya yi mata tsami, daga nan ya fara ragewa, sai a koma madarar gwangwani da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, sai gudawa.

Abin da ake buƙata kaɗan ne: ƙaramin ɗaki ko lungu mai labule da ƙofa, tabarma ko kujera, ruwa da sabulu, nesa da ƙura da ƙarar inji. Bayan gida ba wurin shayarwa ba ne. Idan gidanta kusa ne, a haɗa mata rabin awa biyun da hutun azahar ta je ta dawo. Idan da 'yar raino take zuwa, a ba su inuwa mai tsabta, kuma kada a yarda ta shiga wurin inji da goyo a baya, saboda ƙura da bel. Wadda za ta tatsa ta wanke hannu, ta tatsa a kofi mai murfi da aka tafasa. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, amma a zafin bazararmu kada a dogara da haka. A sa shi a kula mai ƙanƙara, inda zai iya kwana ɗaya, ko firji mai wuta a tsaye, inda zai kai kwana 4. A ba jariri da kofi ko cokali.

Mataki na 10: Littafi da gwaji

Ka ajiye littafi kusa da akwatin. Duk abin da ya faru, ko yanka ne ƙarami, a rubuta rana, da wuri, da abin da aka yi. Bayan wata uku za ka ga inda rauni ke maimaituwa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce ma'aikaci ya sanar da mai aiki cikin kwana 14 da samun rauni, mai aiki kuma ya kai rahoto ga NSITF, hukumar gwamnati da ke kula da diyyar ma'aikata, cikin kwana 7, kuma daga gudummawar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da masu aiki ke biya ake fitar da diyya. Abin da ya shafi ciki kuwa, a rubuta shi a wani littafi dabam da ke hannun wakiliyar mata.

Sau biyu a shekara ka yi gwaji ba tare da sanarwa ba. Ka sa wata ta kwanta a bayan inji, ka duba agogo: minti nawa kafin a kashe injin, minti nawa kafin akwati ya iso, wa ya kira direba, direban ya ɗauka? A gwajinmu na farko lambar direba ɗaya ta daina aiki, ɗayan kuma yana Wudil da fasinja. Washegari muka ƙara na uku, mai a-daidaita-sahu da gidansa ke bayan katangarmu.